Wane shafin poka ne ke biyan mutumin Yamai kuɗinsa?

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun kafin kowa ya ɗauko carbi, na san hukuncin caca, mahaifiyata ta riga ku faɗa mini, don haka mai wa'azi ya yi mini a hankali. Tambayata ga waɗanda suka taɓa abin da hannunsu ne.

Ni mai gyaran waya ne, teburina na bakin Babbar Kasuwa, kwanana Bukoki. A fadarmu bilot muke bugawa tun muna yara, wanda aka ci shi ke sayen sukari da ganyen shayi, iyakarta ke nan. Bara wani abokinmu ya dawo daga Abijan ya koya mana poka, irin wadda ake ba kowa karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya. Ba mu da jeto, marafan kwalbar lemu muke tarawa, ja dala biyar, kore dala goma, ba a biya ba a karɓa. Abin ya shiga raina fiye da kowa a fadar. Na saukar da wata manhaja ta kuɗin wasa, idan kasuwa ta yi sanyi tsakanin azahar da la'asar ina bugawa, yanzu haka ina da jeto miliyan 40 waɗanda ba sa sayen ko ruwan leda.

Sai na ci karo da labarin Chris Moneymaker a YouTube. Mai lissafin kuɗi ne a wani ofis a Amurka, ya shiga ƙaramar gasa a PokerStars da abin da bai kai dalar Amurka 100 ba, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas a 2003, ya kada mutum sama da 800, ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Kuma wai sunan nan na gidansu ne, ba laƙabi ba. Na kalli bidiyon ya fi sau biyar. Ban ce zan zama shi ba, amma na ce bari dai in gwada hannuna inda ake kuɗin gaske.

Watan jiya na ɗauki adashe, jikka 60. A ciki na riga na yi ɓarnar goma, gara in faɗa da bakina. Wani ne a Telegram ya ce shi wakilin wata ƙungiyar poka ce, ka tura masa kuɗi ta waya, ya zuba maka jeto a manhaja, in ka ci ya turo maka. Na tura jikka 10, cikin dare uku ta zama 27. Na ce a ba ni. Ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce babbansa yana tafiya. Yau sati uku ke nan, yana karanta saƙona, alama biyu na fitowa, amsa babu.

To yanzu so nake in bi ƙofar gaba. Sunaye huɗu nake yawan gani: PokerStars, GGPoker, 888poker da Winamax. Wanne ya fi dacewa da mutumin da ke zaune a Yamai? Da me ake zuba kuɗi, tunda ni Airtel Money da MyNita kawai gare ni, ban taɓa buɗe asusun banki ba? Wani shafi kuma ya ce in na zuba kuɗi zai ninka mini, gaskiya ne? Sannan in kuran ya ɗauke ko reso ya yanke ana tsakiyar wasa, kuɗin da na riga na zuba a tsakiya na wa ne?

Ba'adare227 ya rubuta:

Kai ɗan uwa, jikka hamsin ta rage? Aiko min ita Tawa in sai ma albasa ta Galmi lokacin cira, mu zuba rudu, mu hiddo bayan damina sa'ad da ta yi tsada. Ita ma caca ce hwa, don tana ruɓewa. Amma ko ta ruɓe ka zo ka ga ruɓaɓɓar da idonka, ka sha warinta, ka san inda kuɗɗinka suka tahi. Wanga na Telegram ko warinshi ba ka ji ba.

Tsohon Hannu (Yantala) ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na buga abin nan shekara bakwai, daga 2016 zuwa 2023, don haka zauna ka ji, zan yi tsawo.

Tambayarka ta farko ka juya ta. Kada ka tambayi wane shafi ne zai karɓi kuɗinka, kusan kowanne zai karɓa da hannu biyu. Ka tambayi wanne zai mayar maka. Ƙofar shiga a buɗe take kamar ta gidan biki, ta fita ce ake tsayar da kai a ce kawo takardu.

Ga abin da ya same ni a shekarata ta biyu, a wani shafi da ba zan kama sunansa ba. Lokacin ba ni da katin banki, sai na ari na wani abokin aikina na zuba yuro 20. Na yi wata huɗu ina tattali, kuɗin suka kai yuro 400, wato sama da jikka 260 tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Ranar da na danna cirewa aka rufe asusun, aka ce in turo hoton katin shaida, da hoton katin bankin da na zuba kuɗi da shi, da takardar da ke nuna inda nake zaune. Katin shaida sunana, katin banki sunan wani: laifi na ɗaya, kuma nawa ne, yana rubuce a sharuɗɗan da na danna "na yarda" ban karanta ba. Sai maganar wurin zama. Gidan haya nake, takardar wuta da sunan mahaifin mai gidan take fitowa, shi kuwa ya rasu tun ina lekol. Adireshin da na rubuta musu kuwa irin namu ne: Yantala, bayan masallaci, ƙofa shuɗiya. Bature ya duba ya rasa inda zai sa wannan. Ƙari a kan haka, duk wanda ya amsa saƙona sai ya ce takarduna ba na Najeriya ba ne. Sau uku ina rubuta musu cewa Nijar daban Najeriya daban, lambarmu 227 tasu 234, har taswira na tura. Wata biyar muna wannan. A ƙarshe yuro 20 ɗin farko aka mayar wa katin abokina, sauran suka tsaya can.

Saboda haka kafin tamma ɗaya ta fita daga hannunka, buɗe sharuɗɗan shafin ka nemo jerin ƙasashen da ba a karɓa, kowane shafi na gaskiya yana da shi, kuma yana canzawa, wanda aka karɓa bara ana iya hanawa bana. Ka duba da kyau, Niger da Nigeria a jere suke, yatsa na zamewa. In ƙasarmu na cikin waɗanda aka hana, shi ke nan, ka bar shi. Masu ce maka sa VPN ka fito kamar kana Kanada, su ba za su kasance tare da kai ranar cirewa ba, kuma sharuɗɗan sun ba shafin damar riƙe duk abin da ke asusun in ya gano. In ba a hana ba, yi rajista da sunanka yadda yake a takarda harafi da harafi (mu da ake rubuta mutum ɗaya Issoufou nan, Yusufu can, ka kula), ka tura takardun a tantance ka tun babu ko sisi a ciki. Sai sun ce sun yarda da kai, sannan ka zuba mafi ƙanƙantar abin da ake karɓa, ka ɗan buga, ka cire. In ya dawo hannunka ka san hanya ta ɓulle. Kuma ka sani yawanci ta inda kuɗi ya shiga ta nan ake mayar da shi.

Manyan shafukan da ka lissafa da katin Visa ko Mastercard da asusun intanet irin su Skrill da Neteller suka saba aiki, da yuro ko dalar Amurka. Kai da ba ka da banki, abin da zai fara kama ka shi ne katin Visa na zubawa a kashe, wanda bankuna ke sayarwa, da sunanka. Ka tambayi bankin abu biyu: ana iya biya da shi a intanet, kuma ana iya turo kuɗi cikinsa daga waje? Na biyun ne mutane ke mantawa.

Sai lasisi. Gangara ƙasan shafin, za ka ga tambarin hukumar da ta ba shi izini. Waɗanda ake girmamawa su ne na Malta, da tsibirin Man, da Jibralta, da Ingila. Na tsibirin Kurasawo (Curaçao) ya fi sauƙin samu, kuma shi ya fi yawa a ƙananan shafukan da ke cika mu da talla. Hoton tambari kowa na iya mannawa, ka ɗauki lambar lasisin ka je shafin hukumar da kanta ka nema. Kuma ko da lasisin, kada ka mai da shafin poka asusun ajiya. Ranar 15 ga Afrilu 2011 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ƙwace adireshin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker a rana ɗaya. PokerStars ya biya mutanensa ba da jimawa ba, don kuɗinsu na nan. Full Tilt kuwa, wanda shahararrun ƴan wasa ke yi wa talla a talabijin, sai aka tarar ƴan wasa na bin sa wajen dala miliyan 390, abin da ke bankinsa bai wuce miliyan 60 ba. Sai da PokerStars ya saye shi a 2012 aka fara biyan mutane, Amurkawa ma sai 2014. Absolute ɗin nan kuma tun 2007 aka kama wani na cikin gida yana ganin kartar kowa a rufe, kuma ƴan wasa ne suka gano da kansu ta hanyar bin tarihin wasannin, ba hukuma ba. Waɗannan Amurkawa ne masu lauya da jarida. Kai a nan, LONANI ce hukuma ta ba harkar loto da cacar dawaki, tana da ofis da za a iya zuwa. Shafin da ke zaune a wani tsibiri ba shi da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a Yamai.

Yanzu abin da ba a nunawa a bidiyon Moneymaker: la'ada. Shafin ba ya wasa da kai, bai damu da wanda ya ci ba, shi dai yana cire kasonsa daga abin da aka tara a tsakiya, wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wata iyaka, a gasa kuma wajen kashi 10 na kuɗin shiga. Ka ga kamar ba komai. Yi lissafi da fadarku. Ku shida, kowa ya zo da jikka 10, jikka 60 ke nan a tabarma. A ce kowane zagaye ana tara jikka 2, mai gida ya ɗauki dala ashirin. A intanet ba a jiran mai raba karta ya gama shan shayi, zagaye 50 a awa ɗaya ba wani abu ba ne. Jikka 5 ke nan a awa. Ku yi awa huɗu, sulusin kuɗin ya bar tabarmar, ko da duk hannunku ɗaya. Don haka bai isa ka fi abokan wasanka ba, sai ka fi su da abin da ya wuce la'ada. Wannan ne ya kamata ka gwada tsakanin shafi da shafi: nawa suke cirewa a ƙananan tebura, ina iyakar take.

Ninkin da aka yi maka alkawari ma daga nan yake fitowa. Ba a hannu za a ba ka ba, kaɗan-kaɗan ake sakinsa gwargwadon la'adar da ka biya, cikin ƴan watannin da suka yanka. Mai jikka 50 a ƙaramin tebur da wuya ya ga rabinsa kafin wa'adi ya cika, sai dai ya sa shi buga abin da ya fi ƙarfinsa.

Af, kafin in manta. Mafi ƙanƙantar tebur za ka ga an rubuta ana zama da dala 2. Ba dalarmu ta tamma biyar ba ce! Wani yaro a unguwarmu ya taɓa zuwa yana murna wai da sefa goma ake shiga. Wajen jikka ɗaya da ɗan wani abu ne.

Maganar kuran da reso: in ka yanke, ana ba ka ƴan daƙiƙu, in ba ka dawo ba a ajiye kartarka, abin da ka zuba ya zama na wanda ya rage. Na taɓa riƙe as biyu a wata gasa cikin zafin Afrilu, saura mu goma sha ɗaya, tara ake biya da kyau, wuta ta tafi, na'urar intanet ta mutu. Kafin in kunna na waya, har an wuce ni zagaye biyu. As biyu kuwa sau ɗaya suke zuwa a cikin 221. Ko sun zo, in ka haɗu da mai sarki biyu kuka zuba duka, kusan sau ɗaya cikin biyar shi zai ci ka. Mutum sai ya rantse an yi masa maguɗi, alhali lissafin ke nan.

Jeto miliyan 40 ɗinka kuma ka manta da su. Inda kuɗi ba na gaske ba ne kowa tapi yake yi, wato zuba duk abin da ke gabansa, da kowace karta, mai haƙuri kaɗan sai ya ga kansa gwani. A teburin kuɗi za ka tarar da ɗan Rasha ko ɗan Birazil da ya buɗe tebur takwas a lokaci ɗaya, da manhajar da ke ƙirga masa sau nawa kake burga.

Ni na tsaya ne a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, wuta ta yi wuya, fitar da kuɗi a banki ya zama layi tun asuba, na ga ba lokacin da zan bar kuɗina a wani tsibiri ba ne. Da na zauna na haɗa littafina na shekara bakwai, shiga da fita, sai na ga ban ci ba, ban kuma faɗi sosai ba: jikka 85 ce ta tafi. Dararen da na kashe ban sa su a lissafi ba.

Maman Nafisa (kiyos, Wadata) ta rubuta:

Ƙanena, jikka goman nan ka yi mata addu'a, ta tafi. Ashirin da bakwai ɗin kuwa dama ba ta taɓa zama kuɗi ba, lamba ce a gilashin waya.

Ni ban san as ba ban san sarki ba, amma shekarata shida ina tura kuɗi a kiyos, ta gabana abin ke wucewa. Irin waɗannan wakilai na san lambobinsu da ka, saboda yawan turawa. Bayan magariba samari ke zuwa, jikka 2, jikka 5, wani dala ɗari ma. In na sa lambar sunan da ke fitowa sau da yawa na wata tsohuwa ne ko wani da ba shi da alaƙa da maganar, da katin wani aka yanki layin. Bayan wata biyu ko uku lambar ta mutu, wata sabuwa ta fito, yaran nan dai su ne. Masu zuwa karɓa akwai, ba zan yi ƙarya ba. Da farko ana biyan mutum ƙananan da ya ci, ya fito yana nuna wa abokai saƙon, su ma su shiga. Ranar da abin ya yi kauri ne babba ke yin tafiya.

Akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da ke tura wa mahaifiyarsa jikka 10 duk ranar Juma'a, can wajen Keita. Na saba da shi har na haddace lambar. Wata Juma'a ya miƙo kuɗin ya ce, Mama, raba biyu, biyar can, biyar ga wannan lambar. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Juma'a ta gaba ya ce uku can. Wadda ta biyo baya ya tsaya a bakin taga ya daɗe, ya ce in ba shi bashin jikka 2 ya tura gida, zai kawo gobe. Na tura, ya kuma kawo, yaron kirki ne. Amma daga nan ya koma wani kiyos, kunyata yake ji.

In dai sai ka yi, to lambar sirrinka kada ka ba kowa, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Kuma kada ka ba wani katin shaidarka ya buɗe asusu da shi.

Ɗan Liyon ya rubuta:

Gyara kaɗan a jerinka, ɗan uwa. Winamax na Faransa ne, kuma kasuwar nan a killace take. Tun 2010 aka buɗe cacar intanet a ƙarƙashin hukumar ARJEL, a 2020 ANJ ta gaje ta. Shafin da ke da izininta sai ya ga takardar shaidarka, da shaidar wurin zama, da asusun banki na Turai mai sunanka kafin ka fitar da komai. Tun 2018 ne ma aka bari ƴan Faransa suka fara zama tebur ɗaya da ƴan Sipaniya da Fotugal. PokerStars da muke shiga a nan ma ba shi ne wanda sauran duniya ke shiga ba, reshe ne daban. Don haka in ka ga bidiyon Bafaranshe yana yabon shafi, ba da kai yake ba.

Kuma don Allah kada wani ya sake rubuto mini a ɓoye wai in buɗe masa asusu da sunana ya riƙa bugawa daga Yamai. Mutum uku ke nan. Takardar zamana a ƙasar nan da ƙyar na same ta.

Baba Mai Ritaya (Talaje) ya rubuta:

Ɗana, ka ce mai wa'azi ya yi a hankali, to a hankali zan yi, don ni ma ba daga kan mumbari nake magana ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina cacar dawaki ina malamin makaranta. Dawakin a Faransa suke gudu, ban taɓa ganin ko jelar ɗaya ba, amma na san sunayensu da na mahayansu fiye da sunayen yaran ajina. Kowace safiya da takardar shirin tsere a aljihuna, ina ja mata layi da jan biro irin wanda nake gyaran jarrabawa da shi. Ni ma cewa nake ba sa'a ba ce, ilimi ne, nazari nake. Na ji kuna faɗin haka a kan poka, kuma na yarda akwai gwaninta a ciki, tsohon hannun can ya nuna. Amma kuɗin da gwani ya ci daga aljihun wa ya fito? Ba a noma shi ba, ba a ƙera shi ba. Na wani ne da ya tashi yana cizon yatsa.

Ayar Baƙara ta 219 ba ta musa cewa akwai ɗan amfani ba, cewa ta yi zunubin ya fi amfanin girma. Ta Ma'ida, 90 da 91, ita ta yanke, ta kuma faɗi abu biyu da caca ke haifarwa: gaba tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Na farkon ban gan shi sosai ba. Na biyun kuwa ni shaida ne. La'asar nawa na haɗa da magariba ina tsaye ina jiran sakamako, Allah kaɗai ya sani. Akwai ranar da na yi sujada lambobi uku na yawo a kaina.

Abin da ya raba ni da ita ba wa'azi ba ne. Ɗiyata ce ta fari za ta shiga sakandare, uwarta ta ce in kawo kuɗin kayan makaranta, na ce albashi bai fito ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wata jakar leda, ta zazzage a gabana. Tikitocin da take tsinta a aljihuna in za ta yi wanki ne, na shekara biyu, ta ɗaure su da roba wata-wata. Ba ta ce komai ba, ta koma madafa. Na zauna na ƙirga su har dare.

Kai da Allah ya ba sana'ar hannu, jikka 50 gilashin waya nawa ne a sari?

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Na gode muku duka, har da ɗan albasa. Baba, na karanta naka sau biyu. Gilashi ya danganta da waya, amma na ƙananan nan da aka fi kawo mini, zai yi shida ko bakwai.

Ga inda aka kwana. Mutumin Telegram ya goge hotonsa, yanzu alama ɗaya ce ke fitowa, Mama kin faɗa. Yaya na Yantala, na bi maganarka na rubuta wa shafi biyu kafin in yi komai, na tambaye su ko suna karɓar mazaunin Nijar, da takardar da za ta tsaya a madadin ta wuta. Ɗaya bai amsa ba har yau kwana huɗu. Ɗayan ya amsa cikin awa biyu da ladabi, ya ce yana farin cikin sanar da ni hanyoyin biya da naira. Na yi dariya har mai sayar da caja na kusa da ni ya leƙo.

Jikka 35 na kai Katako da wajen wani mai kawo kaya na sayi gilasai da batura, don in suna aljihuna hannuna ƙaiƙayi yake. Sha biyar na nan. Ba zan yi muku ƙaryar na haƙura ba, har yanzu ina so in zauna teburin gaske ko sau ɗaya in ga iyakar hannuna. Na ga akwai gasar da ake shiga kyauta amma a ci ɗan kuɗi, wataƙila daga nan zan fara. Yaya, ita ma sai an tantance mutum kafin ya fitar? Kuma mitar gidanmu da sunan kakana take, wace takarda ce ta fi wucewa?

Tsohon Hannu (Yantala) ya rubuta:

Ita ma sai an tantance, ko dala ɗaya ka ci. Kuma ka shirya zama: mutum dubbai ke shiga irin wannan gasar, awa huɗu ko biyar, na farko ya tashi da abin da bai fi kuɗin gilashi ɗaya ba. Takardar da ta fi wucewa ita ce ta bayanin asusun banki, mai sunanka da adireshi da tambarin bankin, wadda ba ta wuce wata uku ba. Wato sai ka fara buɗe asusun tukuna. In ka je buɗewa ka tsaya a kan mai rubutawa ya sa sunan unguwa da lambar ƙofa, kada ya rubuta Niamey kawai ya wuce.

Ba'adare227 ya rubuta:

Sha biyar ɗin ma ta sayi buhu in an zo cira. Motar Tawa na tashi da asuba.